Wasiƙa Zuwa ga 'Ya'yana Masu Goyo da Masu Neman Cefane

 Ina gajiya? Ya yara, ya ɗawainiya? Na san za ku ce ba gajiya, don haka aka koya mana, kuma ladabi ne mai kyau. Amma ina ganin gajiyar a idanunku da kafaɗunku, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ke 'yata, tun kafin kiran assalatu kin tashi. Kin ɗora ruwa, kin yi wa yara wanka, kin haɗa karin kumallo, kin nemo takalmin da ya ɓata, sannan kin nufi ofis ko shago, ko kin zauna kan keken ɗinki da goyo a baya. Da La'asar a shirya 'yan Islamiyya, da Magariba tuwo, da dare ga jariri da nasa rikicin. Kai kuma ɗana, ka sauke yara a makaranta, ka shiga cunkoso, ka wuni a zaune a kujerar ofis ko bencin kasuwa ko sitiyarin adaidaita sahu, lissafin kuɗin haya da na makaranta yana kai-komo a kanka. Idan aka ce muku ku riƙa motsa jiki, abin da kuke hangowa shi ne filin wasa da takalmin gudu da awa guda cur da ba ku da ita. Sai ku ce, "To, in yara sun yi wayo."

Ku yi lissafin da kanku. Yaron da aka haifa bana ba zai daina buƙatar hannunku ba sai bayan shekara goma sha, kuma ƙannensa na tafe. Hawan jini da ciwon suga ba sa jiran a yaye auta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin masu hawan jini a duniya ba su ma san suna da shi ba. Awar nan da kuke jira ba za ta zo ba. Abin da kuke da shi mintoci ne a warwatse, kuma ina so ku yarda cewa suna da daraja.

Ba lallashi nake yi ba. A shekarar 2020 hukumar ta sabunta shawararta: babban mutum yana buƙatar minti 150 zuwa 300 a mako na motsi mai matsakaicin ƙarfi, da aikin ƙarfafa tsokoki kwana biyu a mako. Minti 150 in an raba shi bakwai bai cika minti 22 a rana ba. Abin da ya fi shafarku kuwa shi ne sharaɗin da aka cire. A da ana cewa sai motsi ya kai minti 10 a jere kafin a ƙirga shi. Yanzu an janye wannan, ko minti biyu ne ya shiga lissafi.

Asalin wannan ilimi ma ba a filin wasa aka samo shi ba, a wurin neman abinci ne. A 1953 wani likita a Ingila, Jeremy Morris, ya wallafa bincikensa kan ma'aikatan bas-bas masu hawa biyu na birnin Landan. Direba da kwandasta mota ɗaya suke wuni a ciki, amma direba yana zaune, kwandasta kuwa yana hawa da sauka a matattakala yana karɓar kuɗi. Sai aka tarar ciwon zuciya ya fi kama direbobin. Kwandastan nan bai taɓa ware awa guda don motsa jiki ba, aikinsa ne ya yayyanka masa shi gutsi-gutsi. A 2022 kuma Farfesa Emmanuel Stamatakis na Jami'ar Sidni da abokan aikinsa suka duba bayanan mutum kusan 25,000 a Birtaniya, galibinsu dattawa, waɗanda suka ce ba sa wani motsa jiki, an ɗaura musu na'urar auna motsi a wuyan hannu. Waɗanda kan yi ɗan yunƙuri mai sa haki na minti ɗaya ko biyu, sau uku ko huɗu a rana, kamar hawan bene da sauri ko tafiya da kaya, mace-macensu ya yi ƙasa da na sauran da kusan kashi 40 cikin 100 a shekarun da aka bi diddiginsu. Ban kawo wannan don in ce minti huɗu ya wadatar ba. Na kawo shi don wanda ke da minti huɗu kawai ya daina raina su.

Ma'aunin ba ya buƙatar na'ura. In kana tafiya kana iya hira amma ba za ka iya jan karatu ko rera waƙa ba, ka kai matsakaici. In kalma uku ko huɗu kawai ke fita sai ka ja numfashi, ka kai mai ƙarfi. Tafiyar rangwaɗa da jan silifas ba ta kai ko ɗaya ba, sai an ɗaga ƙafa.

To ina mintocin suke? Kai ɗana, naka sun fi sauƙin gani. Masallacin da ke da nisan minti biyar, zuwa da dawowa sau uku kawai a rana ya ba ka rabin awa, in dai ka bar babur a gida ka taka da hanzari a dawowa. Ka sauka daga adaidaita kafin a kai layinku. In wayarka ta yi ƙara a ofis, ka amsa a tsaye kana zagayawa. In kana tuƙi ne, duk lokacin da ka tsaya jiran fasinja ka fito ka miƙe bayanka. Bayan tuwon dare kada ka zarce tabarma kai tsaye: tafiyar minti goma bayan cin abinci tana sa tsokoki su janye sukarin da ke shiga jini. A watannin bazara ka zaɓi bayan Asuba ko bayan Magariba, da azumi kuma sai an sha ruwa.

Ke 'yata, na san abin da za ki ce: "Ai aikin gida ma motsa jiki ne." Da gaskiyarki, amma ba duka ba. Daka da surfe da jan ruwa a rijiya da ɗaukar bokiti suna sa zuciya ta buga da sauri, kuma suna cikin lissafi. Tsayuwa a gaban murhu, da wanki a sunkuye, da shara da guntuwar tsintsiya kuwa, bayanki kawai suke ci, numfashinki bai canza ba. Shi ya sa mace za ta wuni ba ta zauna ba, ta kwanta a gajiye liƙis, amma zuciyarta ba ta samu aikin da take buƙata ba. Kakanninki sun yi daka sun kai niƙa da ƙafa. Ba na roƙon a mayar da ke can, injin niƙa rahama ne. Sai dai abin da inji ya ɗauke, dole a mayar wa jiki da shi ta wata hanya.

Tsakar gida ta ishe ki, ko da ba kya fita. Kafin ruwan tuwo ya tafasa, ki dafa bango ki tsuguna ki miƙe sau goma, ki huta, ki sake. Ki zauna a kujera ki tashi ba tare da dafa gwiwa ba. In da dakali ko matakala, ki hau ki sauka na minti biyu. In yara sun dawo suna ta guje-guje, maimakon tsawa ki shiga cikinsu: tsallen igiya, 'yar tsere daga ƙofar ɗaki zuwa zaure, ko ki koya wa 'yan matanki gaɗar da kika yi kina yarinya. Babansu ma ya gwada langa da samarinsa, zai san ya yi aiki. Wannan ba ya rage miki lokacin da kike ba yara, ƙara shi yake yi.

Akwai kunya, na sani. Matar aure da 'ya'ya uku tana tsalle, me uwar miji za ta ce? Ku tuna ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tseren gudu da Nana Aisha har sau biyu. Da farko ta tsere masa, bayan wani lokaci da jikinta ya yi nauyi shi ya tsere mata. Gidan da ya fi kowane gida kamun kai ke nan.

Yanzu ga maganar da ta fi ci mini rai. A gidan da ke da ƙananan yara, ba a tsintar lokaci a ƙasa, wani ne ke ba wani. Ɗana, matarka ba za ta samu ko minti goma sha biyar ba sai wani ya riƙe jaririn, kuma kai ne mafi kusa. Kana da minti 90 na kallon ƙwallo, kana da zaman majalisa bayan Isha, ban ce ka bar su ba, namiji na buƙatar abokansa. Amma kafin ka fita, ka karɓi yaron, ka sa shi a kafaɗa, ka zaga layi da shi. Kai ka samu tafiyarka da ɗan nauyi a hannu, ita ta samu ta yi wanka ba tare da kunnenta yana ɗaki ba. Kada ka fake da kunyar ɗan fari. Ka ɓoye sunansa in ka ga dama, amma ka ɗauke shi. Ke ma 'yata, in ya shigo, ki bar shi ya cire takalmi ya sha ruwa ya yi minti goma kafin ki fara lissafa abin da ya ƙare a gida. Maganar gas da omo ba za ta gudu ba, kuma za ta fi shiga kunnen da ya huce. In kuna gidan yawa ko kuna da maƙwabciya amintacciya, ku yi abin kamar adashe: yau ke ki haɗa yaran duka na rabin awa, gobe ita ta haɗa. Wadda ke rainon yara ita kaɗai, ko mijinta yana can wani gari neman kuɗi, ita ta fi kowa buƙatar wannan, kuma bai kamata a jira sai ta roƙa ba.

Damuwa kuwa ba a kai kaɗai take zama ba. In hankali ya tashi, jiki yana sakin sinadaran adrenalin da kotisol, zuciya ta ƙara sauri, jini ya hau, tsokoki su ɗaure, duk shirin gudu ko faɗa. Amma ba a guje wa takardar kuɗin makaranta, ba a dambe da ita, sai shirin ya zauna a jiki ya koma ciwon kai da rashin barci da faɗan ba gaira ba dalili. Tafiya da sauri tana ba jikin abin da ya shirya yi. In babu halin tafiya, akwai numfashi. A 2023 masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka suka gwada wani salo: a ja iska ta hanci, a ƙara ɗan ja a kai har huhu ya cika, sannan a fitar ta baki a hankali, a tsawaita. Waɗanda suka yi haka minti biyar kullum na wata guda sun samu sauƙin rai. Fitar da numfashi a tsanake yana rage saurin bugun zuciya. Za ka iya yi a cikin cunkoso, za ki iya yi kina shayarwa.

Waya ba ta ba da wannan hutu. Minti ashirin na latsa TikTok yana wucewa, ka ajiye ta idonka na zafi, ranka ya ƙara cika da labarin tsadar kaya da kwalliyar gidajen wasu. Ya fi muku ku zauna a kan darduma bayan sallama na ɗan lokaci, ba gaggawar naɗewa. Waɗanda ke addu'ar safe da Littafi Mai Tsarki su ma haka.

In fushi ya taso, kin ji hannunki zai ɗaga kan yaro, ki fita tsakar gida ki zuba ruwa a fuska, ko ki yi alwala. In jariri ne ke kuka ya ƙi shiru kin kai maƙura, ki kwantar da shi a rigingine a wuri amintacce, ki ja baya na 'yan mintoci. Kukan ba zai cuce shi ba, amma jijjiga shi da ƙarfi cikin fushi na iya lahanta ƙwaƙwalwarsa har abada. Wannan gargaɗin har da kai, ɗana.

Mai jego ta fara da tafiya a hankali. Wadda aka yi wa aiki, ko ta yi fama da hawan jini lokacin ciki, ta jira izinin likita kafin tsalle ko ɗaukar nauyi. In kuwa bayan haihuwa ƙafafu suna kumbura, numfashi yana yin sama-sama, ba ta iya kwanciya sai an tada ta da matashi, wannan ba kasala ba ce da motsa jiki zai gyara. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka rubuta yawaitar ciwon zuciyar masu jego a ƙasarmu, suka danganta shi da yawan kunun kanwa da zafin wankan jego da kwanciya a gadon wuta. A kai ta asibiti ran nan. Haka nan wadda ta wuce mako biyu cikin kuka da ƙuncin rai, ba ta jin daɗin komai har da jaririnta, ciwo ne sananne da ke kama kusan mace 1 cikin 5 bayan haihuwa a ƙasashe masu tasowa, kuma yana da magani. Kada a tsaya a ce mata ta yi haƙuri kawai. Wanda aka ɗora wa maganin hawan jini kuma kada ya ajiye shi don ya fara tafiya, sai likita ya ce.

Ranar da za a kai jariri rigakafi, ku tafi tare in da hali, ku miƙa hannu a auna jininku ku biyun. A gaida yara, a shafa mini kan ƙaramin.

Wassalam,
Kawunku