Maus Ɗin Jikin Laftof Ya Fara Gardama? Yadda Za Ka Gano Matsalar, Da Dalilin Guje Wa Zubin Farko

 Yau za mu tattauna a kan faifan nan da ke ƙasa da madannan laftof, wanda ake shafawa da yatsa kibiya ta motsa. Masu gyara suna ce masa tacfad, mu kuma mun fi saninsa da maus ɗin jiki. Da yawa daga cikinmu a waya muka fara koyon komai, yanzu muna tara kuɗin laftof ta farko. Kafin ka miƙa kuɗin nan, ka ji abin da ya same ni.

Kusan shekara biyu na yi ina tari a shagon cajin waya a nan Kucheri, bakin titin da ya taso daga Funtuwa ya ratsa Tsafe zuwa Gusau. Da kuɗin suka haɗu na shiga mota sai Kano. Mai shago ya ajiye min guda biyu, duka na hannu. Ɗaya baƙa ce mai kauri, irin ta ma'aikatan ofis. Ɗayar siririya ce kamar littafin rubutu, ya ce ita ce ta farko da kamfanin ya fitar a wannan siffar. Ban ko sake kallon baƙar ba. Ashe kyan ɗan maciji ne.

Bayan wata huɗu na samu aikin haɗa wa wata makaranta a Gusau manhajar fitar da sakamakon ɗalibai, ana so kafin a ba da hutu. Ina tsakiyar aiki kibiya ta fara tsalle da kanta, tana zaɓar layuka tana gogewa. Daga baya dannawa ma ta gagara. Da aka buɗe, batir ne ya kumbura. Aka nemi irinsa a Gusau babu, a Kano babu, sai da aka jira daga Legas. Na miƙa aikin a makare, aka zabge min rabin kuɗi, ba su kuma sake kirana ba.

Yadda faifan yake aiki

Tacfad ɗan'uwan gilashin wayarka ne. A ƙarƙashinsa akwai siraran layukan lantarki masu jin kusantowar yatsa, domin jikin mutum yana ɗaukar lantarki. Shi ya sa idan ka shafa da tsinke ba ya motsi, amma ɗigon ruwa yana ruɗa shi. Daga faifan akwai wata waya mai faɗi kamar zirin leda, masu gyara na ce mata fileks, ita ke kai saƙo zuwa babban allon na'urar. Sai manhajar da ke fassara saƙon ga Windows, wato direba. Abu na ƙarshe da ya kamata ka sani: a yawancin laftof na yanzu, batir yana kwance ne daidai ƙarƙashin faifan.

Ke nan idan maus ya fara gardama, ba lallai shi ne mai laifin ba. Ka bi matakan nan a jere, daga wanda ba ya cin ko sisi zuwa wanda sai an je wurin mai gyara.

Mataki na 1: Ka tabbata ba kashe shi aka yi ba

Laftof da yawa suna da madannin kashe tacfad a jerin F1 zuwa F12, mai hoton ɗan faifai. Ka danna shi tare da Fn. A wasu tsofaffin HP kuma, bugun kusurwar hagu ta sama sau biyu ne ke kashe shi, sai wata 'yar fitila ta kama. Ƙanenka zai iya yin haka ba da saninsa ba. Sannan ka duba Settings: a Windows 11 ka shiga Bluetooth & devices, a Windows 10 ka shiga Devices, ka zaɓi Touchpad ka ga ko a kunne yake.

Mataki na 2: Ka goge faifan da hannunka

Da bazara gumi ne, da hunturu ƙura ce da man shafawa. Ka kashe na'urar, ka samu ƙyalle mai laushi da ɗan danshi kaɗan ka goge, ka bari ya bushe. Kada ka zuba ruwa ko fetur a kai.

Mataki na 3: Ka zare caja

Wannan ita ce matsalar da ta fi yawa a wurarenmu. Idan kibiya tana rawa ko tsalle lokacin da kake caji, amma da ka zare caja ta natsu, to faifanka lafiyarsa ƙalau. Cajar jabu, ko janareta da wutarsa ba ta daidaita ba, ko inbata maras inganci, suna shigo da hayaniyar lantarki da ke ruɗa faifan, kamar yadda gilashin waya ke danna kansa idan ka sa masa cajar banza. Ka ari caja ta asali mai baki uku ka gwada a wani soket ɗin. Idan ka ji jikin laftof yana ɗan jan fatar hannunka, alamar ke nan.

Mataki na 4: Ka duba direba

Ka danna Start da madannin dama, ka buɗe Device Manager. Ka duba ƙarƙashin Mice and other pointing devices da Human Interface Devices. Idan ka ga alamar motsin rai mai ruwan ɗorawa, direba ne. Idan matsalar ta fara ne bayan Windows ta sabunta kanta, ka shiga Properties, sai Driver, ka danna Roll Back Driver. Idan kuma bayan an sake ɗora maka Windows ne, ka je shafin kamfanin da ya ƙera laftof ɗin ka sauke direban tacfad da na chipset na ainihin samfurinka. Ka ajiye su a filas. Mu da muka ga watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a faɗin Zamfara, mun san darajar abin da ke ajiye a hannu.

Mataki na 5: Ka duba batir

Ka ɗora laftof a kan tebur mai santsi. Tana lilo? Faifan ya ɗago sama da gefensa? Dannawa ta yi tauri? Murfin ƙasa ya fara buɗewa? Idan ka ga ɗaya daga cikin waɗannan, batir ya kumbura yana turo faifan daga ƙasa. Ka daina caji nan take. Kada ka danne shi da ƙarfi, kada ka huda shi da allura kamar yadda wasu ke yi, domin batirin litiyom yana kamawa da wuta. Ka kai a cire shi. Yawancin laftof za su ci gaba da aiki da caja kaɗai kafin ka samu wani. Zafi ne babban abokin gabar batir, don haka ka daina aiki a kan katifa, ka daina barinta a jone kwana da yini a shago mai rufin kwano.

Mataki na 6: Wurin mai gyara

Idan duk waɗannan ba su ba ne, ka ce a fara duba fileks, a zare shi a goge a mayar. Sau da yawa girgizar babur ce ta sassauta shi. Sai an yi wannan tukuna a yi maganar canza faifan. Kafin nan, maus na USB mai araha zai riƙe ka.

Me ake nufi da zubin farko?

Ba lambar shekara nake nufi ba. Zubin farko shi ne samfurin da kamfani ya canza wa siffa gaba ɗaya, ko ya sa masa wata dabara da bai taɓa gwadawa ba. Komai gwajin da aka yi a masana'anta, sai kaya ya shiga hannun dubban mutane ake ganin ainihin aibinsa. Ga misalai huɗu da duniya ta shaida.

A 2013 Lenovo ya fitar da ThinkPad T440, ya cire madannan da ke saman tacfad, ya mayar da faifan gaba ɗaya abin dannawa. Masu amfani suka yi ta ƙorafi cewa kibiya tana gocewa lokacin dannawa. A 2015 da T450 ta fito, sai ga madannan uku sun dawo. Har yau akwai masu cire faifan T450 su sa a jikin T440.

A 2020 Dell ya sake fasalin XPS 15, samfurin 9500, da ƙaton tacfad. Waɗanda suka riga kowa saye da yawa sun tarar faifan yana kwarkwaɗa kafin ya dannu, har kamfanin ya amince da matsalar.

A 2015 Apple ya kawo sabbin madannai sirara da ya kira butterfly a MacBook mai inci 12, ya sa su a MacBook Pro daga 2016. 'Yar ƙura kaɗan sai harafi ya maƙale ko ya fito sau biyu. A 2018 kamfanin ya buɗe gyara kyauta, a 2019 ya fara komawa tsohon tsari, zuwa 2020 ya watsar da su gaba ɗaya. A 2022 ya amince ya biya dala miliyan 50 ga waɗanda suka saya a Amurka. Madannan da ƙurar ofis ta kayar, ka yi tunanin abin da hazon watan Janairu a Tsafe zai yi musu.

A ɓangaren waya ma haka ne. A watan Afrilu na 2019 Samsung ya raba Galaxy Fold ta farko ga masu sharhi, cikin 'yan kwanaki gilashin wasu ya lalace. Aka ɗage fitar da ita zuwa Satumba, wayar da kuɗinta ya kai dala 1,980.

Ba kowane sabon abu ne ke zuwa da matsala ba. MacBook Air mai M1 da ta fito a Nuwamba 2020 ta samu yabo sosai. Amma ka lura, ƙwaƙwalwar ce sabuwa, jikin kuwa wanda aka riga aka saba da shi ne.

Dalilin da ya sa abin ya fi yi mana ciwo

Wanda ya sayi zubin farko a Amurka ko Ingila yana da garanti. Idan ta ba shi matsala, a gyara masa ko a canza. Idan ya gaji da ita ya sayar, a loda a kwantena, ta sauka Legas, ta bi ta Computer Village a Ikeja, ta iso Beirut Road a Kano, daga nan ta zo Gusau. Kafin ta iso hannunka shekaru sun wuce. Gyaran kyautan da Apple ya yi wa madannan nan, misali, na shekara huɗu ne daga ranar da aka fara sayar da na'urar. Wanda ya saye ta yau a kasuwa ya gaji aibin, bai gaji garantin ba, kuma ba ya cikin waɗanda aka raba wa diyya.

Ƙari a kan haka, samfurin da bai karɓu ba, kayan gyaransa ba sa yawo. Mai gyara a Gusau yana ciro kaya ne daga gawar wata na'ura irinta. Idan irin taka ba ta da yawa a gari, kowace ƙaramar matsala sai ta zama kuɗin mota, da jira, da hawa titin da kowa ya san halin da yake ciki. Shi ya sa ga mai koyo nake ba da shawarar jerin na ofis da suka cika kasuwa, irin su HP EliteBook, Dell Latitude da Lenovo ThinkPad, a kuma zaɓi zubi na biyu ko na uku na siffar. Da tsohuwar zuma ake magani.

Abin da za ka yi kafin ka biya

1. Ka juya bayan laftof ka karanta cikakkiyar lambar samfurin. Ka rubuta ta a Google da wayarka, ka ƙara kalmar touchpad problem. Idan ƙorafi iri ɗaya ya cika shafin, ka ajiye ta.

2. Ka buɗe Paint ka ja layi daga kusurwa zuwa kusurwa. Layin da ya yanke ko ya karkace yana nuna inda faifan ya mutu. Ka danna kusurwoyi huɗun, ka gwada jan shafi da yatsu biyu.

3. Ka maimaita gwajin da caja a jone, da cajar da za a ba ka, ba ta mai shago ba.

4. Ka buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /batteryreport. Ka kwatanta Design Capacity da Full Charge Capacity. Idan na biyun ya yi ƙasa sosai, a rage maka kuɗin sabon batir.

5. Idan MacBook Pro ce daga 2015, ko MacBook Air daga 2018, faifanta ba ya dannuwa idan tana kashe, domin wani ɗan inji ne ke ba ka jin dannawar. Wannan ba lalacewa ba ce. Ka kunna ta ka gwada.

6. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a ƙa'ida tana buƙatar Intel zubi na 8 zuwa sama. Ka sa wannan a lissafi.

7. Ka tambayi mai gyaran da ya fi kusa da kai ko yana da batir da faifan wannan samfurin. Ka kuma nemi rasit mai ɗauke da lambar na'urar da kwanakin da za ka iya mayarwa.

Siririyar nan tawa tana nan a ajiye, ƙanwata ke koyon buga rubutu da ita da maus na waje. Wadda nake rubuta wannan darasin da ita baƙa ce mai kauri, 'yar'uwar wadda na ƙi kallo a Kano, kuma batirinta ko gobe na nema akwai shi a Gusau. A darasi na gaba, in Allah Ya yarda, za mu duba yadda ake bambance cajar asali da ta jabu. Allah Ya sa albarka a abin da muke tarawa.