Darasi: Sanin da baki ba ya iya faɗa

A shekarar 1095 Imamu Gazali yana karantar da ɗalibai wajen 300 a Bagadaza, sai harshensa ya ɗaure, karatu ya gagara. Ya bar kujerar ya tafi Sham. Daga baya ya bayyana cewa sanin ma'anar ƙoshi daban, a ƙoshi daban. Malamai suna kiran wannan zauƙi, wato ɗanɗano.

Mu 'yan kasuwa mun sani: kome yabon zuma, sai mai saye ya lasa. Haka wanda ya tashi kafin asuba, zango tsit, ya ji numfashinsa ma aro ne. Yaranmu suna haddace siffofin Allah, madalla. Amma gida nawa ne ake tashinsu lokacin nan su zauna shiru tare da iyaye?