Gyara ko Sauya Altanetar Tsohuwar Babbar Mota

Altaneta, wato na'urar da ke cajin batir yayin da inji yake aiki, takan gaza a manyan motocin da suka daɗe suna zirga-zirga tsakanin Gidan Rumji, Maraɗi da Gazawa, inda ƙurar hunturu take cinye boris da gawayinta, wato 'yan sandunan da ke isar da wuta ga ɓangaren da ke juyawa. Kafin a kwance ta, ya kamata a duba ko bel ya saki, sannan a auna wutar, domin a mota mai volt 24 lafiyayyar altaneta tana bayar da kusan 28. Idan boris ko gawayi kaɗai suka ci, gyara ya wadatar, amma idan wayoyin tagulla sun ƙone har sun yi baƙi, sauyawa ya fi.