Shin Caji Ofis Ɗinmu na da Na'urar Gano Wayar Sata?

Tambaya: Ni ɗan Ajingi ne, ina 'yan saye-sayena tsakanin garinmu da Gaya. Kullum sai mu ji an ce 'yan sanda sun yi tirakin sun kamo ɓarawon waya. Shin caji ofis irin namu na da wannan na'ura? In babu, da me suke aiki?
Daga wani mai karatu a Ajingi.

Amsa: Irin wannan na'ura ba a caji ofis na ƙaramar hukuma ake ajiye ta ba. Amma bari mu faro daga tushe.

Gaya da Ajingi ba su da 'yan sandan kansu. A zamanin En'e akwai 'yan doka da ke ƙarƙashin sarauta, har gwamnatin soja ta Gowon ta narkar da su cikin rundunar tarayya a ƙarshen shekarun 1960. Yau sashe na 214 na tsarin mulkin 1999 runduna ɗaya tak ya yarda da ita. DPO na ƙarƙashin kwamishina ne a Bompai, kwamishina kuma na ƙarƙashin Abuja. Saboda haka duk kayan da zai iso gabashin Kano sai ya biyo wannan doguwar hanya, kuma birni ne ke fara ɗiba. An kafa asusun tallafa wa 'yan sanda a 2019 domin sayen kayan aiki, amma har gobe motocin sintiri da yawa kyautar gwamnatocin jihohi ce.

Abin da aka saba gani a irin wannan ofis bai wuce motar sintiri da babura, da oba-oba, da bindigogi, da kulki, da ankwa, da barkonon tsohuwa ba. Sai wayar hannun ɗan sandan, wadda sau da yawa ta fi oba-obar aiki. Amma ni a ganina babu kamar littafin nan da ke kan kanta. A ciki ake rubuta wa ya zo, ƙarfe nawa, da wace ƙara. Maganar da ba ta shiga littafin ba tamkar ba a yi ta ba, don daga nan fayil ke tashi, kuma fayil ne ke zuwa gaban alƙali.

To, yaya ake tirakin? Kowace waya na da lambarta ta IMEI mai alƙaluma 15, dabam da lambar layi. Ko ɓarawo ya yar da layinka, ranar da aka sa wani layin, kamfanin sadarwa zai ga wayar ta farfaɗo, da lambar da ke cikinta, da turken sadarwar da ta kama. Tun Disambar 2020 kuma aka wajabta haɗa layi da NIN, don haka akan iya kaiwa ga mai layin. Bayanin nan yana hannun MTN ko Airtel da 'yan'uwansu, sai an nema a hukumance ta hannun sassan bincike na hedikwata. Shi ya sa abin ke cin lokaci.

Akwai kuma wani cikas na karkara. A birni turaku sun yi yawa, ana iya tsuke wuri. A ƙauye turke ɗaya na ɗaukar garuruwa da dama, sai na'ura ta ce wayar na yankin kaza, ta yi shiru. Daga nan aikin ya koma na dagaci da mai unguwa da 'yan banga, waɗanda suka san wanda ya kwana da sabuwar waya ba sana'ar fari ba ta baƙi. In kuwa wayar ta tsallaka Jigawa, ga ta nan kusa da ku, ta faɗa hurumin wani kwamishinan, sai an yi takarda tsakanin Bompai da Dutse.

Kai naka shi ne ka danna *#06# yau, ka kwafe lambar a takarda, ka adana tare da kwalin wayar da rasit. Ranar da ta ɓata, Allah ya kiyaye, ka fara toshe layinka da asusun bankinka, sannan ka je kanta da lambar, kada ka tashi sai ka ga an rubuta. Kuma tunda kana shiga kasuwa, ka guji wayar hannu marar rasit komai araharta, domin tirakin wanda wayar ke hannunsa yake fara nunawa.