Garin Riƙe Ruwa a Gona: Abin da Ya Kamata Ka Sani Kafin Ka Saya ko Ka Sayar

Ka san halin damina a yankinmu, daga Katsina zuwa Maraɗi, daga Daura zuwa Damagaram. Ruwa yakan sauka a watan Yuni, a yi shuka, gero ya tsiro, sai sama ta ɗauke kwana goma ko sha biyar. Jigawa ba ta riƙon danshi, saboda haka shukar ta ƙone, a koma neman iri. Asarar ba a gona take tsayawa ba. Rumbu yakan ƙare da wuri, tiya ta yi tsada, mu kuma a asibiti mu ga yara masu tamowa sun ƙaru a watannin Yuli da Agusta. Wannan ne ya sa maganar garin riƙe ruwa ta shafi lafiyar iyalinka.

Mene ne wannan gari?

Sinadari ne fari mai kama da sukari, wanda ake kira haidirojel. Masana aikin gona na gwamnatin Amurka suna cikin waɗanda suka fara haɗa irinsa a shekarun 1970. Idan ya sami ruwa mai tsabta yakan sha ninkin nauyinsa sau 200 ko fiye, ya kumbura ya yi yauƙi. In an binne shi a gindin shuka, saiwa takan riƙa tsotsar danshin a hankali bayan ƙasar da ke kewaye ta bushe. Ya fi amfani a ƙasa mai rairayi. To amma ka riƙe wannan: ba ya kawo ruwa, wanda ya samu kawai yake ajiyewa. Yana iya ƙetarar da shuka tsaikon 'yan kwanaki, ba ya maganin fari mai tsawo.

Me ya hana shi yaɗuwa?

Na farko, tsada. Daga ƙasashen waje ake shigo da shi, farashinsa kuma yana bin canjin kuɗi. Yi lissafi da kanka: hekta ɗaya ta gero da aka shuka da tazarar mita guda tana da rami 10,000. Ko da gram 2 za a sa wa kowane rami, kilo 20 ke nan. Gero ba ya da ribar da za ta mayar da wannan kuɗi cikin sauƙi, ga shi lokacin sayen ya faɗo daidai da lokacin da gida ya fi bukatar hatsi.

Na biyu, wahalar samu. Kaya ne da ke bin hanyar kan iyaka, kuma mun ga yadda rufe iyaka a 2019 da 2023 ya tsayar da fatauci. Manomi ba ya dogara da abin da bai tabbata zai samu baɗi ba.

Na uku, rashin bayani. Rubutun jikin buhun da Turanci ko Faransanci yake zuwa, wani lokaci da harshen Sin. Da zarar an farke buhu an ƙulla a leda, bayanin ya ɓace. Wani ya watsa shi a bisa ƙasa kamar takin zamani, rana ta lalata shi. Wani ya cika rami da shi, ya kumbura ya turo shukar waje. Daga nan sai labari ya bazu cewa abin banza ne.

Na huɗu, irin ruwa da ƙasa. Ruwan zartsi da ruwa mai kanwa suna rage masa ƙarfin sha ƙwarai, haka ma gishirin takin zamani. Nauyin ƙasar da ke bisansa kuma yana hana shi kumbura kamar yadda yake yi a kofi. Abin da mai talla ya nuna maka a kasuwa ya fi abin da za ka samu a gona.

Na biyar, jabu. Iri biyu ne sanannu: mai fotasiyam, wanda aka yi don noma, da mai sodiyam, irin wanda ke cikin kunzugun jarirai na zamani. Na biyun ya fi araha, amma sodiyam yana ɓata ƙasa. Ido ba ya bambanta su, sai rubutun buhu. Araha ba ta ado.

Na shida, mallakar gona. Wanda ke noma gonar aro ko ta haya ko ta jingina ba zai zuba dukiya a ƙasar da za a iya karɓewa bayan kaka ba. Mata da yawa masu gayauna suna cikin wannan hali.

Hatsarinsa ga yara

A nan nake roƙon ku saurara da kyau, musamman ke uwar gida. Yaro yana iya ɗaukarsa sukari ya lasa. Abin da ke kumbura a kofi yana kumbura a ciki, har ya toshe hanji. Alamomin su ne amai, kumburin ciki, ciwon ciki da kasa yin bahaya. In kin ga yaro ya haɗiye shi, kada ki jira alama, kada ki sa shi amai, kada ki ba shi jiƙo ko kanwa. Ki garzaya da shi asibiti mafi kusa, ki tafi da ledar don ma'aikaci ya gani. In ya shiga ido, a wanke da ruwa mai yawa. A ajiye shi a sama, a rufe, nesa da kayan abinci da dabbobi.

Kai ɗan kasuwa

Amana tana wuyanka. Kada ka jera shi kusa da sukari ko gishiri ko garin kwaki, kada ka auna shi da kwanon awon hatsi. Kada ka sari buhun da ba ya ɗauke da sunan sinadarin da sunan kamfani. In ka ƙulla a leda, ka rubuta mata suna da gargaɗi. Kada ka yi wa manomi alkawarin cewa an gama da fari. Wanda ya yi asara a hannunka bana ba zai dawo rumfarka baɗi ba.

Kai maigida

Fara da abin da ke hannunka. Takin gida yana ƙara wa jigawa riƙon danshi, yana kuma ciyar da shuka, abin da garin nan ba ya yi. Ramukan tassa da manoman jihar Tawa suka raya faƙo da su suna tara ruwa da taki wuri guda. A Burkina Faso ana kiransu zai, kuma da su Yacouba Sawadogo ya yi suna har ya sami lambar yabo ta duniya a 2018. Akwai kuma haƙar rabin wata, da barin wani kaso na kara ya rufe ƙasa, da renon gawo a gona. Waɗannan ma suna da wahalarsu, domin dabbobi da murhu da darni duk suna neman karan, haƙa kuma tana cin ƙarfi. Sai dai ba sa jefa ka cikin bashi.

In kana son gwada garin, ka nemi shawarar malamin gona. Ka zuba ɗan kaɗan a kofin ruwan sama, wani a kofin ruwan rijiyarka, ka kwatanta kumburinsu. In ya narke ya ɓace, jabu ne. Ka fara da inda ribar za ta iya biya, kamar dashen mangwaro ko zogale ko kwamin tumatir. Ka sa wa layi ɗaya, ka bar na kusa da shi, kaka ta yi hukunci. Gani ya kori ji.

Kada kuɗin abincin yara ko na magani ya tafi ga wannan gwaji. Allah ya ba mu damina mai albarka.