Yadda Ake Gano Alaƙar 'Yan Rakiyar Histon a Cikin Yis

A cikin kowace ƙwayar yis, irin wanda ake kwaɓa burodi da shi, DNA a naɗe yake a jikin wasu furotin da ake kira histon, kamar zare a kan kwarkwaro. Histon ba ya kai kansa wurin. Akwai furotin da ke ɗaukarsa su ɗora, su kuma sauke shi in za a karanta zaren ko a kwafe shi. Su ne 'yan rakiyar histon, irin su Asf1 da Rtt106 da rukunin CAF-1 da na HIR. Wanda ya cire ɗayansu ya ga yis bai mutu ba, zai ɗauka ba shi da wani amfani, alhali aikin nasu ba ya fitowa fili sosai sai an cire biyu tare.

Don a gwada haka, da farko a goge ƙwayar gadon CAC1, ɗaya daga cikin ukun da ke gina CAF-1, a dasa a gurbinta wata mai sa yis jure maganin G418. Yis jinsi biyu ne, don haka a ɗaya jinsin sai a goge HIR1 na rukunin HIR, a sa alamar jure wani maganin daban. A haɗa su a faranti ɗaya su zama ƙwaya guda mai gadon duka biyun, sannan a hana ta naitirojin har yunwa ta sa ta fitar da 'ya'ya huɗu cikin jaka ɗaya. Da siririyar allurar gilashi, a ƙarƙashin na'urar ƙara girman abu, ake ware su ɗaya bayan ɗaya a jera, a bar su kwana biyu ko uku a zafin digiri 30. Wanda ya jure magungunan biyu, shi ne ya rasa duka biyun.

Saura lissafi, wanda shi ne ainihin aikin. A misali, in girman wanda ya rasa CAC1 kaɗai kashi 90 ne cikin 100, na wanda ya rasa HIR1 kaɗai kuma 80, abin da ake sa rai ga mai rashi biyu shi ne 72, wato kashi 90 cikin 100 na 80. In ya faɗo ƙasa da haka sosai, to dā ma ɗayan ne ke rufa wa ɗayan asiri. Abin da Paul Kaufman da Mary Ann Osley suka nuna ke nan a 1998: da aka haɗa rashin CAF-1 da na HIR, girma ya ja baya, ƙwayoyin gadon bakin kuromosom da ya kamata su zauna a rufe suka ƙara buɗewa. A 2001 ɗakin binciken Charles Boone a Toronto ya ɗora wa injina wannan aiki, ana haɗa dubbai a lokaci guda.

Wani zai ce wannan bai tabbatar da cewa furotin biyun na taɓa juna ba. Haka ne, kuma sau da yawa akasin haka yake nunawa. In aka goge CAC1 da CAC2 tare lahani ba ya ƙaruwa, domin rukuni ɗaya ne, tun cirewar farko ya rushe. Lahani mai tsanani alamar hanyoyi biyu ne masu kaiwa wuri ɗaya. Mai son sanin wa ke riƙe da wa sai ya tsamo furotin ɗin ya duba, kamar yadda aka gano Asf1 na kama Cac2 da Hir1. Gwajin faranti bai amsa wannan tambayar ba, amma shi ne ke nuna wa mai bincike inda zai nufa.