Yadda Ɗalibi Zai Karanci Dokar Muhalli a Keffi

Dokar muhalli ita ce rukunin dokokin da ke tsara yadda mutum zai amfana da ƙasa da ruwa da iska ba tare da ya cuci maƙwabcinsa ko na bayansa ba, kuma ɗalibin da ke fitowa daga unguwar Gangaren Tudu zuwa tsangayar shari'a ta Jami'ar Jihar Nasarawa zai fi fahimtarta idan ya bi ta daki-daki.

Da farko sai ya karanta sashe na 20 na Kundin Tsarin Mulki na 1999, wanda ya ɗora wa gwamnati nauyin kare ruwa da iska da ƙasa da dazuzzuka, ya haɗa shi da sashe na 6(6)(c), wanda ya hana kotu tilasta abin da ke Babi na Biyu, inda sashe na 20 yake. Wannan giɓi ne ya sa lauyoyi kan biyo ta sashe na 33, mai ba da haƙƙin rayuwa.

Daga nan sai ya jera dokokin bisa shekarunsu, domin tarihinsu ne ke bayyana manufarsu. Gubar da aka kwaso daga Italiya aka jibge a garin Koko a 1988 ita ta haifar da dokar hana zubar da shara mai guba da kuma hukumar kare muhalli ta FEPA a shekarar. A 1992 aka kafa dokar tantance illa, wato wadda ta wajabta binciken ɓarnar da babban aiki zai yi wa muhalli kafin a fara shi, sannan a 2007 hukumar NESREA ta gaji FEPA.

Mataki na uku shi ne hukunce-hukuncen kotu, inda zai rubuta wa kowace ƙara taƙaitaccen bayani: wa ya kai ta, me ya nema, me alƙali ya yanke, bisa wace hujja. Ya fara da ƙarar Gbemre da kamfanin Shell ta 2005, inda Babbar Kotun Tarayya da ke Benin ta ce ƙona iskar gas tauye haƙƙin rayuwa ne.

Mataki na huɗu ne ya fi muhimmanci, shi ne kuma aka fi sakaci da shi. Yawancin shari'o'in da ake koyarwa na man fetur ɗin Neja Delta ne, alhali damuwar Nasarawa ita ce haƙar ma'adinai da yashi da bola da toshewar magudanan ruwa. Don haka ya nazarci Dokar Ma'adinai ta 2007, wadda ta wajabta wa mai haƙa ƙulla yarjejeniya da al'ummar wurin kafin ya soma aiki, ya kuma lura cewa ma'adinai na hannun Gwamnatin Tarayya, filaye kuwa Dokar Filaye ta 1978 ta damƙa su ga gwamna; gubar dalma da ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 ta isa ta nuna masa illar haƙar da babu mai sa mata ido. Bayan haka sai ya ɗauki littafinsa ya zaga bakin Kogin Antau da kwatocin unguwarsu da damina, ya rubuta kowace matsala da dokar da ta shafe ta da hukumar da ya kamata a kai wa kuka.